Akushin Babana a Talabijin

Jiya da dare, ciki ba tuwo, rai a ɓace, na yi wani mafarki. Amma sai na fara faɗin abin da ya hana ni cin tuwon.

Sunana Nomau. Noma na yi da fataucin gero, har gwiwoyi suka ce ya isa. Ina da akushi guda, gadon babana, Allah Ya ji ƙansa. Baƙi ne wuluk, mai sheƙi, mutum na ganin fuskarsa a ciki. A bakinsa akwai tsaga da wani gyartai ya ɗaure da jar waya tun ban san dama da hagu ba. Sabulu bai taɓa ganinsa ba. Ruwan ɗumi, tsumma, ɗan man shanu, shi ke nan wankinsa. Ranar da muka dawo daga binne baba na naɗe akushin a zane, na sa a adaka, na kulle. Ba mai taɓa shi.

A gidana, da an sallame isha'i, kowa zai ɗauki farantinsa na roba ya nufi falo. Fim ake kallo, wai na zamanin da. Yau na mutanenmu, gobe na wasu masu dogon gashin baki da aka cusa wa Hausa a baki. Ni a ɗakina nake cin abincina, ni kaɗai. Ba na kallon ƙarya, balle in ci tuwo a gabanta.

Jiya na ratsa falon zan ɗauko butata. Idona ya faɗa kan talabijin. Wani boka ne a kogo, jikinsa duk fatu da wuri, yana zunduma ihu a kan wani kwano mai hayaƙi. Aka matso da hoton. Na ga jar waya.

"Nafi'u."

"Na'am, Baba." Ɗana ne, mai shagon gyaran wayoyi. Bai ko ɗago kai ba.

"Akushin wa ke nan?"

Nan ya ɗago. Cokali ya tsaya masa a hanya.

"Baba, aro ne. Mai shirya fim ɗin abokina ne, kayan gargajiya suke nema. Inna ce ta ba ni mabuɗi. Ai har sunan gidanmu za su rubuta a ƙarshe."

"Sunan gidanmu. A ƙarƙashin boka."

Babana shi ya yi ta kiran salla a unguwarmu har muryarsa ta dushe. Ko ƙofar boka bai taɓa bi ba.

Kuluwa, matata, ta karkata kai ta gefena. "Malam, ɗan matsa, ka tare mana."

Na ce, "Gobe kafin rana ta yi zafi ina son akushina a gidan nan. Kuma kada in ga ko ɗigon ƙazantar bokan nan a jikinsa. Fes nake son sa."

Safara'u, matar Nafi'u, ta sunkuyar da kai. "To, Baba."

Na koma ɗaki. Tuwon na nan a rufe, ban buɗe ba. Na kwanta.

Sai ga ni tsaye a bakin ganuwar wani gari. Na jingina da ita saboda gwiwata, ta lotsa. Ashe kwali ce aka shafa wa jar ƙasa. A bayanta wani mutum na tokare da ita da hannu biyu, yana gumi.

"Baba, kada ka jingina," in ji shi. "In ta faɗi, gobe abokan gaba ba su da abin rushewa."

Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana komawa sama. Ƙafafuna suka jiƙe, hulata a bushe. Mata sun kife ƙorai a sama da kansu suna tara.

Na shiga garin. Kowa sanye da buhu. Buhun gero, irin wanda na ƙare rayuwata ina ɗaure wa baki. An huda gindin, an zura kai. Fuskoki duk gawayi. Ba mai noma, ba mai daka, ba mai jan ruwa. Maza na wasa takubba suna hararar juna. Mata na zaune a bakin bukkoki suna kuka, kowacce da jan baki da gashin ido na kanti. Wani jarumi ya wuce da kwari a bayansa, waya na ta kuka a cikin kwarin.

Na tare shi. "Kai, wane gari ne wannan?"

Ya turo ƙirji, ya kalli sama, ya daka tsawa. "Wannan shi ne Zamanin Da, ya kai dattijo!"

"Ni ba kurma ba ne."

"A nan haka ake magana, ya kai dattijo!"

"Ƙarya kake. Na zauna a zamanin da. Ba mu sa buhu ba. Babana yana da riga saƙi da aka buga har tana ɗaukar ido. Kuma wanda ya ɗaga murya a gaban babba, mari yake sha."

Abin da na faɗa ke nan. Ba shi aka ji ba. Bakina ya gama motsi, sannan wata murya ta taso daga gindin tsamiya ta ce, "Wayyo ni, na zo neman masoyiyata da aka sace!"

Na juya. Wani mutum ne zaune a kan turmi da lasifika a hannu. Aikinsa ke nan, yi wa baƙi magana. Ga wasu masu dogon gashin baki sun yi layi a gabansa suna wangale baki, shi yana zuba musu Hausa.

Na ce, "Kai, wa ya aike ka?"

"Ya ce ya gode da karamci," in ji mai lasifikar.

Jarumin ya share hawaye. Ya nuna mini wani gini da bakin takobi. "In ƙorafi gare ka, ga ofis can, ya kai mai neman masoyiya!"

Ofishin yana da fanka da labule. Bunsuru ne a kan kujera mai juyawa, da tabarau, yana tauna bakin wani rawani. A gefensa wata akuya na buga waya da kofato. A nan muryata ta dawo.

"Me ke tafe da kai, tsoho?" in ji bunsurun.

"Akushin babana."

"Ba mu da baba a nan. Muna da sarki, da boka, da jarumi, da mai kuka. Wanne ne kai?"

"Ni Nomau ne."

Ya dubi akuyar. Ta girgiza kai.

"Babu shi a fim," ya ce. "Akushin yana kogon boka, kuma ba mai shiga kogon sai ɗan wasa. In ka matsa, sai mu gwada ka a tsoho."

"Ku gwada ni? Yanzu ni mene ne?"

Ya sauke tabarau, ya dube ni daga hula har takalmi.

"Ba ka yi kama da tsoho ba. Bayanka a miƙe. Rigarka wankakkiya. Tsohon zamanin da yana tari, muryarsa na rawa, kuma yana mutuwa kafin a je talla."

"Na girmi kakan kakanka, kai da ake yankawa ranar suna."

"Wannan ba ya cikin labari."

Akuyar ta taso da kwalbar gam. Ta shafa a kan gemuna na gaskiya, ta manna auduga. Ta zura mini buhu a kan rigata. Na duba bakin buhun, na ga ɗaurina ne. Nawa ne ma.

"Yi tari," in ji bunsurun.

"Ba na tari."

"To faɗi karin magana."

"Ba ni akushina."

Ya ci gaba da tauna. "Bai yi daɗi ba. Amma za a sa masa kiɗa."

Ya miƙo wuya ya fara cin audugar da ke gemuna, ya haɗa da gemun. Na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari.

Hannun ya tsaya a sama. Fanka ta tsaya. Yawun bunsurun ya tsaya a iska. An je talla.

Wata mata ta fito daga cikin bango, tana murmushi har kunne, sabulu a dama, soson ƙarfe a hagu.

"Uwargida! Tsohon baƙi ya dame ki?"

Ta ɗauki tukunya mai baƙin gindi ta goge, ta koma fara. Ta kamo hankaka ta goge, ya tashi balbela. Ta miƙa hannu ta taga ta jawo dare ta goge, ya koma tsakar rana.

"Fes!" in ji ta.

Ta tsaya tana kallona, soson na ɗigar kumfa. Kafaɗata na zogi, ban iya sauke hannu ba. Ta koma cikin bango.

Marin ya sauka a iska. Ba bunsuru, ba ofis. Ina bakin kogo.

Kogon na takardar siminti ne. Bokan na zaune a ciki, ya zame fatun zuwa ƙugu, rigar ƙwallo ce a ƙasa. Yana cin biskit. Da ya gan ni ya rusuna.

"Baba, barka da zuwa. Ya gida?"

"Gidan ubanka. Miƙo akushin nan."

Ga shi a gabansa a ƙasa, a ƙasa tsirara, ko faifai ba a sa masa ba. An cika shi da ruwan kwata, da gashin kaza, da garwashi mai hayaƙi.

"Wallahi Baba ni ma sa ni aka yi. Bari a gama wannan fitowar."

Wani ya yi kira daga duhu, "Mu je!"

Nan take ya ja fatun, ya juya idanu suka koma fari, ya kurma ihu. Ya sunkuya ya tofa yawu a cikin akushin.

Na manta da gwiwa. Na yi tsalle. Yatsuna suka kusa taɓa jar wayar.

Aka buga ganga. Na daskare a iska, baki buɗe. Rubutu ya fara hawa ta kan fuskata yana wucewa sama. Karatun boko ba nawa ba ne, amma na san zanen sunana. Na gan shi ya wuce, dab da ƙafar bokan.

Wata murya ta ce, "A makon jiya."

Sai ga ni a bakin ganuwar kwali. Mai tokare ta ya ce kada in jingina. Ruwa ya tashi sama. Jarumi ya yi tsawa. Mai lasifika ya nema mini masoyiya. Bunsuru ya ci gemuna. Duk da sauri, kamar ana kora mu da bulala. Boka ya tofa yawu. Na yi tsalle. Ganga.

"A makon jiya."

Ban san sau nawa aka yi haka ba. Gemuna dai ya kusa ƙarewa.

A wani zagayen na ƙi yin tsallen. Na tsaya. Na juya baya ga bokan, na dubi bakin kogon. Ashe gilashi ne. A bayan gilashin ga falona, ga iyalina, manya-manya kamar duwatsu. Kowa da farantinsa a cinya. Ba mai kallon abin da yake ci. Nafi'u ya kai cokali kunne, ya dawo da shi, bai sani ba. 'Ya'yansa na kwance rub da ciki, tuwo ya sandare a gabansu.

Na buga gilashin da hannu biyu.

"Nafi'u! Shigo ka ɗauki abin da ka bayar!"

Safara'u ta matso da fuska. "Inna, wannan tsohon kamar Baba."

"Ina!" in ji Kuluwa. "Malam ya fi wannan iya faɗa. Wannan koyo yake."

"Kuluwa! Ni ne! Ke kika ba da mabuɗi!"

"Ya cika surutu," ta ce. "Ba a jin bokan."

Ta ɗaga rimot. Wasu korayen sanduna suka bayyana a ƙirjina, suka fara raguwa ɗaya bayan ɗaya. Muryata na bin su. Ta ƙarshe ta ɓace. Na ci gaba da faɗa, jijiyar wuya a tashe, ko ni ban ji kaina ba. Shekara da shekaru ina magana a gidan nan, ashe abin da ke hannunta ke nan.

Sai aka ɗauke wuta.

Daga falo na ji an ce "Kash!" baki ɗaya. Garin duka ya tsaya cik. Boka ya yi shiru. Mai ganga ya yi shiru. Duk jarumawan Zamanin Da ba wanda ya iya taka ƙafa a duhu, suna jiran a kawo.

Ni kuwa a duhu na girma.

Na tuɓe buhun na yar. Na bi hancina. Ƙarƙashin warin kwata da hayaƙi akwai ƙanshin tsohon man shanu. Na laluba, na ji wayar a yatsana. Na kife ƙazantar a kan ƙafar bokan, na rungume akushin a ƙirji.

Ya yi nauyi. Ya ƙara nauyi. Bakinsa ya buɗe kamar rijiya, na faɗa ciki da ka.

Na sauka a zauren gidanmu na da. Daɓen ƙasa, an share, an yayyafa ruwa. Hasken yamma na shigowa ta ƙofa. Babana na zaune a kan buzunsa, cikin rigarsa saƙi. Kusa da shi Kawu Arzika, ƙanensa. Sai Mijinyawa maƙeri, maƙwabcinmu. Dukansu sun daɗe a ƙasa. Ba mai buhu a cikinsu, ba mai ihu. Sun kewaye akushin, sun sunkuya suna kallon cikinsa.

Na cire takalmi. Na durƙusa.

"Baba, barka da yamma."

"Nomau ne? Wa ya ci maka gemu?"

"Bunsuru."

"To. Matsa, ka tare mana."

Na matsa. Babu tuwo a akushin. Hoto ne ke motsi a ciki.

"Me ake kallo, Baba?"

"Fim. Wai Zamanin Yanzu."

"Ba daɗi," in ji Kawu Arzika. "Kullum abu ɗaya. Wani tsoho ne a ɗaki, ya ba ƙofa baya, yana cin tuwo a roba shi kaɗai kamar mai ciwon da ake gudu."

"Ni na ce kurkuku ne," in ji Mijinyawa. "Arzika ya ce a'a, takaba yake."

Na leƙa. Na ga ƙeyata. Na ga hulata.

Na ce, "Baba, zuwa na yi in ƙwato akushinka. An ba boka. Ya tofa masa yawu a gaban duniya."

"Wane boka? Yaron nan mai biskit? Yawu ruwan ɗumi ke fidda shi." Ya gyara zama. "Ni adaka ce ta dame ni. Tun ranar da ka rufe ta ba abin da muke gani sai cikin zane. Sai da ɗanka ya fito da mu muka sha iska."

Jinina ya tafasa. Ni da na bi ta kan bunsuru saboda shi.

"Adana shi na yi, Baba."

"Binne shi ka yi. Ni aka ce ka binne, ba kwanon ba."

Kawu Arzika ya yi dariya har da buga cinya. Da wani ne ya faɗa mini haka, da ya ji amsa. Uba ne. Na dubi ƙasa.

Baba ya ɗaga akushin ya juya shi a haske.

"Masassaƙi ya ƙona shi ya yi baƙi, wannan aikin yini ne. Sheƙin kuwa hannu ne. Ga nawa. Ga na kawunka. Ga na Mijinyawa, shi ne mai faɗin nan, bai taɓa ƙoshi ba."

"Allah Ya isa," in ji Mijinyawa.

"Ga na duk baƙon da dare ya yi wa a garin nan. Naka ma ga shi, ɗan ƙarami, a gefen da nama yake. A nan na buge shi." Ya ajiye. "Ina na ɗanka? Ina na jikokinka? Na duba ban gani ba."

"Suna falo. Suna kallon ƙarya."

"Ka kira su?"

"Babba ba ya kiran yaro cin abinci. Yaro ke zuwa."

"Ni da bakina nake kiran ka, kana can kana wasan langa. Har unguwa ta san kiran salla daban, kiran Nomau daban."

Ban yarda ba.

Sai muka ji wani sauti. Ƙar. Ƙar. Ƙar.

Kumfa ta fara tsatsowa daga daɓen zauren tana tashi sama. A jikin akushin wani farin layi ya bayyana, kamar an ja shi da farce. Ƙar. Wani layin. Mijinyawa ya buɗe baki zai yi magana, ya ɓace, hularsa ta faɗo ƙasa. Ƙar, ƙar. Kawu Arzika ya dubi hannunsa na dama, babu shi.

"Yaya, ana goge mu," ya ce. Bai ƙarasa rufe baki ba ya bi Mijinyawa.

Na rarumi akushin, na rufe shi da rigata. Sautin bai tsaya ba. Farin na ci kamar wutar kara.

Baba bai motsa ba. Ƙafafunsa sun riga sun tafi, buzun ake gani ta cikinsu.

"Nomau, me ka ce a yi masa?"

"Na ce a dawo da shi."

"Sai me?"

"Na ce fes."

"To, ga fes nan." Ya dube ni irin kallon da yake mini in na bar jaki ya shiga gonar mutane. "Me kake jira? Tashi ka ruga. Ko gefe ɗaya ka tarar."

Na farka. Rana ta fito, ta shigo har kan tabarmata. Na shafa gemu, yana nan. Amma sautin bai tafi da mafarkin ba. Daga tsakar gida yake zuwa. Ƙar. Ƙar. Ƙar.

Na fita ba takalmi, ba hula.

Babur ɗin Nafi'u na jingine, injinsa da sauran zafi. Ashe tun asuba ya je ya karɓo. Safara'u na tsugune a bakin magudana, kumfa har gwiwar hannu, soson ƙarfe a dama. Akushin na tsakanin ƙafafunta. Rabinsa ya koma fari sol, kamar yau aka sassaƙo shi. Baƙin ruwa na bin magudana yana fita waje.

Ta gan ni ta durƙusa, tana haki, fuskarta cike da jin daɗi.

"Baba, ina kwana. Baƙin nan akwai taurin kai, amma saura kaɗan. Yanzu zai yi fes."

Na buɗe baki. Abin da ke cikinsa ya isa ya ƙona gidan. Suruka ce. Kuma abin da na ce shi ta yi. Na rufe.

Na miƙa hannu biyu. Ta ba ni akushin. Na sake miƙa hannu. Ta ba ni soson.

Na ɗauraye shi da kaina, da ruwan ɗumi. Gefen da jar wayar take bai taɓu ba, yana nan da sheƙinsa. Na duba ciki, na ga rabin fuskata.

"Nafi'u!"

Ya fito da sauri yana ɗaura agogo. "Na'am, Baba."

"Ka sayo man shanu. Na gaske, ba na gwangwani ba. Yau da dare a nan za a zuba tuwo. A zaure. Kai, da 'ya'yanka, da duk wanda ya zo wucewa. Da hannu. Wanda ya zo mini da cokali zai koma da shi a ka."

Ya sosa ƙeya. "Baba, yau ne fa za a kashe bokan."

"A kashe shi ba ku."

Kuluwa ta leƙo daga madafa, ta dubi akushin, ta riƙe haɓa.

"Malam, wannan yaushe zai koma baƙi?"

"Ba a idona ba. Shi ya sa yau za a fara."

Na shiga ɗaki. Soson ƙarfen na naɗe shi a zanen, na sa a adaka, na kulle. Mabuɗin yana wuyana.